Zuwa ga Usaini, Kafin Sakamakon Ruwan Laka Ya Fito

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, daga ɗan tagwayenka Hassan, a Vénissieux, gefen birnin Lyon.

Shekara shida ke nan da muka yi maka sallah a Paris, muka rufe shagon atamfarka na unguwar Château Rouge. Ban taɓa rubuto maka ba. Yau dole ta sa.

Sankarar jini gare ni, Usaini. Ranar Litinin a asibiti a nan Lyon suka sa na duƙa kamar mai ruku'u, suka soka allura a ƙashin bayana, suka ɗebi ruwan laka. Na roƙa a nuna mini. Garau yake, kamar ruwan randar Inna. Likitar ta ce kada in yarda da ido: cutar kan ɓuya a ciki ta haura ƙwaƙwalwa. Akwai na'urar da ke gane ƙwayoyinta ta wata alama a jikinsu, ko da kaɗan ne. Alhamis za a sani.

Sai ta tambaye ni ko ina ganin abu ɗaya ya zama biyu. Na ce a'a.

Ƙarya na yi mata.

Sati uku ke nan, kullum da hantsi in na tsaya aski gaban madubi, mu biyu nake gani. Kafaɗa da kafaɗa, kamar ranar da aka kai mu lakwal, makarantar boko, a Damagaram cikin riga iri ɗaya. Inna takan ce tagwaye ba sa daɗewa a rabe. Na ga ka tsufa tare da ni, har furfurar gira. Tun da ka zo nake dafa shayi na mutum biyu.

Na san ma'anarsa. In cutar ce ta taɓa jijiyar idona, kowace ranar da na yi shiru tana ƙara shiga. In na faɗa, za su zuba magani ta inda suka ɗebi ruwan, kai kuma ka tafi.

Jiya na rufe ido ɗaya don in gwada. Mutum ɗaya ya rage a madubin. Na daɗe ina dubansa, ban gane ko wanenmu ba ne. Abin ya ba ni tsoro, ɗan'uwana.

Ba zan jira Alhamis ba. Gobe zan faɗa wa likitar gaskiya. Ka yafe mini. Amma ka zo da hantsi, zan yi askin a hankali.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu inda ba a rabuwa.

Naka tun daga ciki,
Hassan