Mama, Ga Labarin Awon Jinin Saratu

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke hutawa a gindin dutsen Kagoro,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma tun ina yaro, magana ba ta kwanta mini a rai sai na zayyana miki ita, ko da kina tsince acca ba ki ɗago kai ba.

Mama, surukarki Saratu ta cika shekara arba'in da ɗaya, kuma tana so mu sake neman haihuwa. Kin tuna cikin nan da ya zube, lokacin da jininta ya hau har ƙafafunta suka kumbura. Ke kika zauna da ita a asibiti a Kafanchan, kina ba ta kunu da cokali, ni kuwa ina baranda ina karanta takardun da aka manna a bango. Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba. Ina son ɗa, amma ba a bakin ran Saratu ba.

Saboda haka na tara ƙasidun asibiti, na karanta su kamar mai shirin jarrabawa. Sun ce macen da ta haura arba'in ta ga likita kafin ciki ya shiga, a duba jininta da suga, ta soma shan ƙwayar folik asid tun da wuri, ta rage gishiri, ta riƙa motsa jiki. Babu wanda muka tsallake. Har kicin ɗinta na shiga, wurin da kika sha korata da muciya, na rage gishiri da dunƙule a gwatenta. Matan zumunta suka ji labari, yanzu a coci Dakta Ba-Gishiri suke ce mini.

Daga nan na sayo na'urar awon jini. Da safe in auna ta, ta dawo daga makarantar da take koyarwa in auna ta, ranar Lahadi ma sai na auna kafin ta ɗaura kallabi. Kullum a gida jinin yana sama, a asibiti kuwa lafiya lau. Na ɗauka na'urar ce ta lalace, na kai ta gaban likita. Ya gwada, ba ta da laifi. Sai Saratu ta gaya masa, cikin sanyin murya, cewa da ta ga na nufo ta da jakar na'urar fuskata a murtuke, gabanta ke faɗuwa. Likita ya jawo hannuna ya ɗaura mini abin.

Mama, nawa jinin ne ya hau. Duk ƙasidun da na tara maganar mace suke yi, ban taɓa tunanin a duba miji ba.

A hanyar gida na tuna ranar da kika kama ni a gonar citta, ina tone irin da muka binne don in ga ko ya tsiro. Ba ki doke ni ba. Kika mayar da ƙasar da tafin hannunki, kika ce, "Bulus, ka yi naka. Bar ƙasa ta yi nata."

Yanzu na'urar tana ɗakin Saratu. Ita ke auna kanta a ranakun da likita ya tsara, ni kuma ina shan maganina, da yamma mu taka tare zuwa bakin rafi. Likita ya ce jikinta ya shirya, kuma zai riƙa duba ta a kai a kai. Ta ce mini ta san haɗarin, a jikinta ta ɗanɗana shi, amma tana so ta gwada, kuma ba za ta iya ba sai da miji mai rai a gefenta. Jiya ta fito daga awo, na ciji leɓe ban tambaye ta ba. Ta dube ni, ta yi dariya, ta ce lafiya. Na amince da buƙatarta, Mama. Za mu gwada.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a wurinsa. Idan ya ba mu ɗa, mun gode masa. Idan bai ba mu ba, ina roƙonsa da gwiwoyina a ƙasa, ya bar mini Saratu.

Ɗanki da ke kewarki,
Bulus