Albasar da Ba Ta Sa Hawaye

Daren Lahadi, Fallowfield

"Albasar nan taki ba ta sa hawaye," in ji Anti Binta ɗazu a kicin ɗinta na unguwar Sparkhill. Amaryllis ɗin da na kai mata tsaraba, furen da tushensa ke kama da albasa, ta yanka cikin miya. Guba ce, ga yara suna jiran tuwo.

Na daɗe a shago ina shawara: itacen cotoneaster da ake dasawa a waje a manta, ko amaryllis mai son ɗumi da lallashi? Na ɗauki amaryllis mai zama a tukunyar fure, tunda hukumar gari ta rufe lambun unguwarsu. Digirina biyu, ban ce mata ba a ci ba.

Na zubar da miyar.

"Naman sati guda ne, Hadiza," ta ce a hankali.

Na ja ƙofa, na nufi wurin mahauci.