Tabarmar da Ta Fi Ƙarfin Ɗaki

Keita, bayan girbin hatsi

Zuwa ga uwargidana Mariyatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Shamsiyya da maigidanta da jaririn da ya ƙwace mini ke. Ina gajiyar jego? Mu nan lafiya lau, sai dai akuyarki ta daina kula ni. Shamsiyya, na san ke ce mai karanta wa uwarki takardar nan, kada ki tsallake layi.

Na ji ana shawarar ki zauna Yamai gaba ɗaya, wai can ga likita ga famfo. Labari kawai zan ba ki.

Iliyasu, wanda muke koyarwa tare, ya gano wani muze na Turai, wato gidan ajiye kayan tarihi, ya buɗe rumbunsa a intanet. Hotunan kayan da suka tara da bayaninsu, sun ce kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, ba sai da izini ba. Kayan suna can wurinsu, inuwar suka sako mana. Na ce ko inuwa ce a karɓa.

A ciki akwai wata tabarmar Madawa da aka tafi da ita tun zamanin kakanni, an rubuta ba a san mai saƙar ba. Ja da baƙi ke gangarowa a jikinta, kamar ruwan fari in ya sauko daga dutse yana neman ƙorama. Iliyasu ya rufe tagogin aji da rana tsaka, ya haska hoton a bango, matan ƙungiyarku ta saƙa suka shigo. Tabarmar ta cika bangon. Shugabarku Habsa ta miƙe tsaye. Ta je ta shafa bango, ta ce ta taɓa ganin zanen nan, ko a ɗakin kakarta ko a mafarki, ba ta san wanne ba.

Sun yanke za a saƙa ta. An tura hoton ta waya: matan garin Bangi su yi layukan ja, na garin Buza na baƙi, na nan su yi farin. Ɗinkin baki kuwa, kowa ya san hannun da ake jira.

Ki gaida mutanen gida. Naki,
Mato

Keita, cikin sanyi

Zuwa ga Mariyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan tarin yaron ya tafi. Akuya ta haihu, ban san abin da ake yi mata ba, na yi mata barka.

Aiki ya yi nisa. Kowace ranar kasuwa mota na sauke layukan kaba a nannaɗe, jan karan dafi daga Bangi, baƙi daga Buza, matan da ba su taɓa ganin juna ba suna gardama a waya kamar ƴan ɗaki ɗaya. Amma ga abin da ya faru. Kin san ku ba ku awo da mita. Ranar da aka haska hoton, Habsa ta auna bangon da kamunta, shi ta aika ko'ina. Da aka jera layukan, tabarma ta ƙi shiga ɗaki, ta ƙi shiga zaure, sai a tsakar gidanmu, ƙarƙashin gawo, ta samu ta miƙe ƙafa.

Sai jiya na koma ga bayanin muze, na karanta har ƙasa. Mu masu gilashi biyu, ni da Iliyasu, zane muka tsaya kallo. Ainihin tabarmar duka-duka ba ta kai kamu biyu ba. Ta kwantar da jariri ce.

Matan sun yi dariya har da hawaye. Ni kuwa da na kishingiɗa bayan azahar sai na ga mai saƙar. Yarinya ce da tsohon ciki, zaune a inuwa, tana tauna gefen leɓe irin yadda kike yi in kina ƙirga kaba. Na tambaye ta sunanta don in aika wa Turawan nan, ta ɗago za ta faɗa, ɗan akuya ya taka mini ciki.

Habsa ta saƙa ƙarama daidai awon asali, ga ta nan na ba direba, a kwantar da angonki a kai. Babbar kuwa bakinta a sake yake, ta fara warwarewa daga gefen Buza. Za a ɗauki hotonta a aika wa muze da sunan kowace mace da ta sa hannu, don kada wannan ma a ce ba a san mai ita ba. Habsa ta ce in kin zama ƴar Yamai a gaya mata, ta ɗinke bakin da kanta kafin ruwa ya sauko.

Ni dai na gwada ta. Na kwanta a gefen Bangi, na mirgina har Buza, ban ci karo da kowa ba. Ta yi wa mutum ɗaya yawa, Mariyatu. Shamsiyya, wannan layin ki karanta shi sau biyu.

Mijinki,
Mato

Keita, farkon bazara

Zuwa ga Mariyatu,

Ina gaishe ki da kyau, ke da duk wanda ke kusa da ke. Allah ya raya yaro, na ga hotonsa a kan ƴar tabarmar, yana barci kamar wanda ya gaji gidan.

Direba ya iso, ba takarda, sai ƙunshi. Na kwance na ga basillarki da kika tafi da ita, da saƙon baki wanda ya maimaita mini gaban ƴan tasha: a ajiye ta a kan randa, kuma duk wadda ta taɓa bakin tabarmar nan kafin ki sauka, ko Habsa ce, ta kuka da kanta. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa cin karo da jimlar da ta kai wannan ba.

Habsa ta ce daman ita ba ta da niyya. Na share ɗakinki, na ɗora duwatsu a gefen da ke warwarewa. Gawo ya fara zubar da ganye, hadari na leƙowa ta gabas. Kada ki biyo motar da ke kwana a hanya.

Sai kin iso.

Naki,
Mato