An Kifa Wuyan Ɗana a Kan Turmi

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da ɗana yake karatu, Umarari, Maiduguri.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya ɗawainiyar yara? Ni ce mahaifiyar Bukar Modu na ajin ƙarshe. Duk zuwan da na yi ofishinka sai a ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta.

Na ɗaya. Ranar bikin rufe zango kun gayyace mu kallon wasan kwaikwayo na darasin tarihi, labarin wani sarkin Ingila da ya yi yaƙi da majalisarsa a kan mulki da addini har suka sare masa kai. Bukar aka sa ya fito a sarkin. Da idona na ga an ɗaure shi ta baya, an durƙusar da shi, an kifa wuyansa a kan turmi. Aka ɗaga gatarin kwali, aka watsa zoɓo a madadin jini, jama'a na tafi. Ranka ya daɗe, yankan rago aka yi wa mahaifin yaron nan a hanyar ƙauyenmu, Bukar yana ƙarami, yana tsaye yana kallo. Na faɗa muku wannan tun ranar da na kawo shi.

Na biyu. Malamin tarihi ya sa Musulmi a rundunar sarki, Kirista a rundunar majalisa, wai don kowa ya gane ɓangarensa da sauri. Na tambaya, an ce mini waɗancan Turawan duk coci suke zuwa, ɗariƙa ce ta raba su. To wa ya aike shi? A garin da muka kwashi gawa a masallaci muka kwasa a coci za a ja wa yara wannan layi?

Na uku. Iliya aka ba gatarin, abokin Bukar tun firamare, wanda suke cin kwano ɗaya a gidana a Gwange. Zoɓon na sauka a wuyan Bukar ya tsinke igiya, ya rarumi kujerar ƙarfe ya fasa wa Iliya kai. Yara suka kaure da duwatsu, kowa da rundunarsa. Iliya yana asibiti da ɗinki. Ku kuma kuka kori ɗana ana gab da jarrabawar fita, malamin yana nan yana shiga aji abinsa. Wallahi raina ya ɓaci.

Ba na wanke Bukar. Na je na durƙusa wa mahaifiyar Iliya, mun yi kukanmu tare.

Roƙona, a mayar da Bukar ya rubuta jarrabawarsa, makaranta ta ɗauki jinyar Iliya. Sannan malamin ya tako gidana ya gaya wa Bukar cewa wasa ne. Ni na faɗa masa, har yau bai yarda ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare 'ya'yanka daga ganin abin da nawa ya gani.

Wassalam.

Yagana Bukar, Gwange.