Shekara Tara Ina Jin “Amin” Ta Bayan Bango

Anti, don Allah ki taimaka mini. Shekaranjiya na gaya wa surukata cewa bana ba zan ɗora tukunya ba sai na dawo daga coci ranar Kirsimeti. Tun daga lokacin ba ta ƙara ɗaga wayata ba.

Ni ce matar babban ɗa, a gidanmu ake taruwa, mutum ashirin da wani abu. Da asuba nake shiga kicin. Su tafi sujada su dawo, ina kan yankan albasa. Idan abinci ya hau tebur, Baba, wato surukina, yakan karanta Maganar Allah ya yi addu'a, ni kuwa a lokacin ina kwashe kajin ƙarshe daga mai. “Amin” kawai nake jiyowa ta bango, sai ƙarar cokula. Shekara tara ke nan.

Da ban damu ba. Amma makon jiya ƙanwar mijina ta turo bidiyon addu'ar bara a zauren hirar iyali na waya. Baba ya ambaci kowa da sunansa, har jaririn da ke bacci a kan kujera. Da ya zo kaina sai ya roƙi albarka ga “hannuwan da suka dafa”. Na kalla ya fi sau goma. Ban ma san me ke ci mini rai ba, rashin sunan ne, ko kuwa ganin cewa ranar haihuwar Ubangijina ta zama ranar da ba na tuna shi sai in wuta ta ƙone ni.

Mijina ya ce ai Allah yana kicin ma. Na ce to ya zo su gaisa, ga wuƙa ga albasa. Mama kuma, wato surukata, ta aiko cewa ita shekara talatin ta yi tana wannan girkin ba ta taɓa ƙorafi ba. Yanzu na ji ana cewa za a mayar da taron gidan ƙanin mijina. Ba wanda ya gaya mini kai tsaye.

Matar Babban Ɗa

Ƙanwata,

Abin da kike nema daidai ne. Yadda kika nema ne ya zo da kaifi. Kin ba Mama sanarwa, ita kuwa ta ji kamar kin ce shekarunta talatin a gaban murhu ba ibada ba ne. Ibada ce, kuma ina zaton ita ma ta ji “amin” ta bango, sai dai ba ta da wanda za ta rubuta wa.

Ki bar waya. Ki je ki zauna da ita, ki fara da godiya, sannan ki tambaye ta yaushe rabonta da sujadar Kirsimeti kafin ki shigo gidan. Ki saurara.

Bayan haka ki kawo tsari, ba sharaɗi ba. Yanka da wanki a gama su ranar jajibere, tare da mazan gidan. Kowane gida ya zo da tukunya ɗaya. A ci abinci ƙarfe biyu maimakon sha biyu. Ba wanda zai suma. Mijinki kuma shi zai roƙi Baba abu guda: kada a buɗe baki da addu'a sai an kashe wuta, kowa ya zauna. Baba bai manta sunanki ba, waɗanda idonsa ke gani yake kira.

Idan an mayar da taron wani gida, kada ki yi fushi ki ƙi zuwa. Ki je coci, ki je taron, amma kafin addu'a ki leƙa kicin ki fito da matar ƙanin mijinki. In ba haka ba, bangon ne kawai ya koma wani gida.

Allah ya ba ki Kirsimeti mai albarka, ki ce “amin” ɗinki a zaune.