Faifaina na Yaƙi

Ƙanena Malam Idi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Aubervilliers lafiya, sai dai ɗana Sani ya ɓata mini rai.

Ya ɓoye faifan fim ɗina, wai shirme ne, ina kunyata shi gaban baƙi. Sojoji ne ke yaƙi da fatalwa, ga kareti, ga rawa. Jinin tumatir ne, wanda aka kashe ya dawo da wata hula. To, ina ruwansa? Nasa finafinan, Turawa biyu ne ke hira, ba mai mutuwa!

Na daina amsa gaisuwarsa. Jiya na iske shi gaban tele da faifaina, yana ihu: "Harbe shi!" Na ce: "Matsa, mai ilimi."

A sa mu a addu'a. Gai da Hajiya.

Yayanka, Hamidu