Kwana Shida Ina Yayarsa

Litinin, 3 ga Maris
Maigidan bai buɗe shago ba yau. Yana zaune a bakin gado da agogon wani da aka kawo gyara, ya cire murfin, kallo kawai yake yi. Ban tambaya ba. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da shirunsa, na yau ne zai dame ni?

Laraba, 5 ga Maris
Ya zuba shayi a gwangwanin ƙananan kusoshinsa. Na ɗauka fushi yake da ni, ni ma na ɗaure fuska. Da la'asar ya dube ni ya ce, "Yaya, yaushe kika zo?"

Yayarsa ta rasu tun kafin mu aurar da 'yarmu.

Alhamis, 6 ga Maris
Asibiti. Likita ta ce cutar mafitsara ce ta taɓa masa kai, ga ƙarancin ruwa a jiki. Ba tsufa ba ne, ba kuma sammun da maƙwabciyarmu ke raɗawa ba. Ta ce ruɗewar da ta zo farat ɗaya, a ranar ake kawo mutum.

"Kwana nawa yana haka, Mama?"

Na ce uku. Kunya ta hana ni cewa ban lura ba ne don dama ba ya magana.

Asabar, 8 ga Maris
Har yanzu ni ce Yaya. Likita ta ce in riƙa tuna masa ranar da muke ciki, da inda yake, da ko ni wace ce. Biyun farko nake faɗa.

Bakinsa ya buɗe kamar famfo. Yau ya ce, "Yaya, kin san matar nan tawa tana ƙara wa agogon bango minti biyar don kar in makara? Ta ɗauka ban sani ba. Ni da agogo!" Ya yi dariya. "Ban taɓa gyarawa ba. Hannunta ne."

Na fita baranda na yi kuka. Ba wanda zan ba labari. 'Yarmu in ta kira, magani kawai take tambaya.

Lahadi, 9 ga Maris
Yau ma ban gaya masa ko ni wace ce ba. Allah ya yafe min.

Talata, 11 ga Maris
Zazzaɓin da cutar ta kawo ya sauka. Ya buɗe ido ya ce, "Ke, ina tabarauna?" Ya gane ni. Kowa na hamdala. Ni ma na yi.

Juma'a, 21 ga Maris
Ya koma shago. Bai tuna komai ba. Shiru ya dawo gidan ya zauna inda ya saba. Na gode wa Allah, da gaske nake. Amma ina kewar mutumin nan na gadon asibiti, to na dai rubuta.

Da safe na hau kujera na mai da ƙarin agogon minti goma. Da ya dawo ya kalli bango, ya kalli na hannunsa, ya kalle ni. Bai gyara ba.

Gobe sha biyar zan yi. Ai dole wata rana ya yi magana.